Ɗantsoho Zai Kai Suna Kongolam

Duk wanda ya taɓa zama a bakin shagon Alhaji Sada mai takalma, a cikin garin Daura, ya san ƙanensa Munzali, wanda kowa ke kira Ɗantsoho. In ma ba ka san fuskarsa ba ka san muryarsa, don ita ke riga shi isa ko'ina. Aikinsa tsaron shago ne, amma in ya fara ba da labarin hanya sai ka rantse tsohon direban babbar mota ne. Ya san inda ake cin tuwo mai kyau a Agadas, ya san ramukan hanyar Legas, ya san abin da ake gaya wa jami'in boda ya yi murmushi. Duk a bakin direbobin da ke zuwa sayen silifa ya tsince su. Dama inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa, don tun da aka haife shi bai taɓa fita Daura shi kaɗai ba. Tafiyarsa mafi nisa Katsina ce, ita ma Alhaji ne ya riƙe masa hannu wajen tsallaka titi.

Abu ɗaya ne ke cin ran Ɗantsoho, wanda cika baki bai iya rufe shi ba: ba shi da takwara. A danginsu in ka kira Sada yara sai su cika maka tabarma, amma ba a taɓa samun wanda ya dubi jaririnsa ya ce a sa masa Munzali ba. Yakan ce bai damu ba, sunan ne ya fi ƙarfin yaran zamani. Ƙarya yake, ya damu ƙwarai.

Ana nan sai matar Suhaibu, babban ɗan Alhaji, ta haifi ɗa namiji a Kongolam, inda Suhaibun ya koma da sana'a. Aka yi rashin sa'a a makon Alhaji ya zame a bakin famfo, ƙafa ta gurɗe. Ana jibi suna ya kira ƙanensa har ɗaki.

"Ɗantsoho, ka ga ƙafar nan ba inda za ta kai ni," in ji shi. "Na yanke shawara yaron ya ci sunanka. Amma ba zan faɗa ta waya ba, suna ba saƙon cefane ba ne. Kai za ka je ka raɗa wa liman da bakinka. In aka shafa fatiha ba ka iso ba, na riga na gaya wa Suhaibu ya sa masa sunan surukinsa, Malam Lawal."

Ɗantsoho ya ji idonsa ya kawo ruwa, ya yi maza ya ce hayaƙin turaren wuta ne. Da ya dawo hayyacinsa ya tabbatar wa yayansa cewa Kongolam a wurinsa tamkar bayan ɗaki ce, ko an rufe masa ido zai je. Kafin la'asar babu mai shayi ko mai faci a unguwar da bai ji cewa za a yi wa Ɗantsoho takwara ba, kuma shi da kansa zai kai sunan, don ba kowa ake ba irin wannan amana ba.

Sai shiri. Ɗantsoho ya ce matafiyin ƙwarai a guzurinsa ake gane shi, ya fito da tabarma ya shimfiɗa a tsakar gida, ya fara tara abin da ya kira kayan dole. Buta ya fara ajiyewa, sannan ya tuna buta tana iya fashewa, ya ƙara wata. Ya naɗe katifarsa don wani direba ya taɓa ce masa kuɗin cizon bakin boda sun kai girman ƙwaron gyaɗa. Ya cika jarka da ruwan gida, wai ruwan baƙon gari yana ɓata wa manya ciki. Bargo ya shiga saboda sanyi, mafici ya shiga saboda zafi, laima ta shiga duk da rabon garin da hadari an yi watanni.

Matarsa Laraba tana bakin murhu tana kallon ikon Allah. Da ta ga ya nufi tukunyar miyarta sai ta kasa haƙuri.

"Malam, Kongolam fa aka ce. Masu fura suna zuwa su dawo nononsu bai yi tsami ba."

"Su talla suke zuwa, ni tafiya zan yi," in ji shi. "Ke da iyakarki gidan biki, me kika sani a kan hanya?"

Ta ce ita dai ta san tukunyarta, kuma da murfinta ta ba shi. Ya auno gero ya zuba a ciki, wai ko da za a rufe boda a shiga yunwa. Daga nan ya tuna da ɓarayin waya. Ya kashe wayarsa, ya cusa ta a safa, ya binne a tsakiyar geron, ya rufe tukunya ya ɗaure da tsumma. Laraba ta tambaye shi yadda za a yi a same shi in ana nemansa. Ya ce ai dabarar ke nan: in su da suka san lambar ba su same shi ba, ina ga ɓarawo.

Maƙwabta suka fara leƙowa, kowa da tasa gudummawar, wannan gidan sauro, wancan ƙuli-ƙuli, don ba kullum ake samun nishaɗi kyauta ba. Maƙwabcinsa Sabiru tela ya tsaya ya daɗe yana duban tulin kaya da fuskar tausayi, sannan ya ce shiri ya yi kyau, sai dai saura abu ɗaya. Suna da sassafe ake yi, in mutum ya makara a baƙon wuri wa zai tashe shi? Ɗantsoho ya ga maganar gaskiya ce. Ya dubi zakaran Laraba, wani ja mai dogon wuya da ke tashin unguwa tun kafin ladan. Aka shiga tsere a tsakar gida. Zakara ya bi ta kan katifa, Ɗantsoho ya bi shi, zakara ya haye katanga, Ɗantsoho ya haye turmi, turmi ya mirgine da shi. Sai da Sabiru ya tausaya ya watsa tsaba aka kama shi, aka ɗaure masa ƙafa.

Washegari bayan azahar aka ɗora kaya a kura, mai turawa yana nishi, aka nufi tasha. Ɗantsoho na gaba cikin babbar rigarsa ta sallah, da hula zanna, da baƙin tabarau, zakara a hammata, yana ɗaga wa mutane hannu. Sabiru ya ce zai raka shi ya sa shi a mota. Ɗantsoho ya ce Allah ya sauwaƙe, yara da marasa lafiya ake sa wa a mota. Ya sallami kowa a bakin titi.

A tasha 'yan kamasho suna ta kiran garuruwa, kowa yana jan fasinja. Wani dogo daga cikinsu ya hango riga da tulin kaya, ya sheƙo da gudu ya tare shi.

"Alhaji, Babban Mutum ne?"

To, Babban Mutum gari ne a ƙasar Baure, can gabas, ta Zango ake bi, Kongolam kuwa tana arewa. Babu wanda bai san haka ba a Daura, har shi Ɗantsohon. Amma ranar kunnensa yabo kaɗai yake ji. Ya gyara tabarau, ya yi murmushin wanda aka daɗe ba a ba shi haƙƙinsa ba.

"Kai kam kana da ido," in ji shi. "A ina ka gane?"

"Ai aikinmu ne, Alhaji. Daga ganin kaya mun sani."

Ɗan kamasho ya juya ya ƙwala wa direba kira cewa ga Babban Mutum guda da kaya, a buɗe but. Ɗantsoho ya ji daɗin da bai taɓa ji ba, ya ce a ransa ashe sai mutum ya fita ake sanin darajarsa. Aka ɗaure katifa a saman mota, aka danna tukunya da jarka a baya, abin da ya rage aka jibga masa a cinya har ya kusa rufe masa fuska. Mota ta ɗauki hanyar gabas.

Wata dattijuwa da ke gefensa ta gaishe shi, ta tambaye shi ko shi ma ɗan Babban Mutum ne. Ya ce ƙwarai kuwa, kuma jikan babban mutum, abin a jininsu yake. Ta ce ikon Allah, ita a can aka haife ta amma ba ta shaida shi ba, wane gida? Ya ce gidansu ba ya ɓuya, ta tambayi kowa. Ta shiga lissafin gidaje a zuci, shi kuwa ya juya ga sauran fasinjoji ya buɗe musu karatun tafiya: yadda ake zama a mota kada ƙafa ta yi sanyi, da yadda ake gane ɓarawo ta wurin takalminsa. Zakara ya gaji da karatun ya saki kashi a kan babbar riga.

Da suka shiga wani gari mai yawan babura, Ɗantsoho ya leƙa ta saman bargo ya tuna ta Mai'aduwa ake bi zuwa Kongolam, ya ce kai, Mai'aduwa ta canza, rabonsa da ita an kwana biyu. Wani saurayi ya ce masa ai Zango ce nan. Ɗantsoho ya ce haka baƙi ke ɗauka, garuruwan suna kama. Mota ta kwashe da dariya, kowa ya zaci barkwanci yake, direba har ya ce Allah ya ƙaro musu irin wannan fasinja. Shi kuma ya ɗauka iliminsa ne ya burge su, ya ƙara murya. Tafiya ta yi tsawo fiye da yadda Laraba ta faɗa, abin da ya ƙara tabbatar masa cewa mata ba su san hanya ba.

Rana ta yi ja suka isa. Ya sauko ya ga motoci masu lambar Nijar, ya ji ana maganar boda, ya ce alhamdu lillahi, ga Kongolam. An ce matambayi ba ya ɓata, amma Ɗantsoho rabin tambaya ya yi. Bai tambayi sunan gari ba, don kada a ɗauke shi baƙo, bai kuma ambaci Suhaibu ba. Cewa ya yi da wani mai amalanke ya kai shi gidan da za a yi suna gobe. Mai amalanke ya ce ya san gidan, ya loda kaya.

Maigidan wani dattijo ne mai fara'a, Malam Zakiyyu, wanda 'yarsa ta zo gida haihuwar fari. Ɗantsoho ya yi sallama da muryar nan tasa, ya ce shi ne baffan angon ƙarni, ya taso takanas da suna a bakinsa. Malam Zakiyyu bai san duk dangin surukinsa ba, kuma ba a tsare baƙo da tambaya a ƙofar gida. Ya rungume shi, ya sa aka share masa zaure. Shi kuwa Ɗantsoho ya ɗauka wannan ne Malam Lawal, har ya ji ɗan tausayinsa, ganin gobe zai ƙwace masa takwara. Ya tambayi ina angon yake. Aka ce ai ya san kunyar ɗan fari, tun da aka haihu ba a ga ƙeyarsa ba. Ɗantsoho ya ce halinsa ne tun yana ƙarami, shi ya raine shi.

Yana can masallaci sallar magariba aka shigar da kaya cikin gida. Mata suka kwance, suka ga katifa da bargo da gero da ƙuli-ƙuli, suka ce kai, dangin ango sun yi abin arziki, kayan barka har da zakara. Aka shimfiɗa wa mai jego katifa, aka rataya wa jariri gidan sauro, laima kuwa ungozoma ta ce dama tana nema. Da aka kawo wa baƙo tuwo sai ga miya ta sha nama. Ɗantsoho ya ci ya tanɗe hannu, ya ce rabonsa da kaza mai daɗin wannan tun wata da ya ci a Agadas. Sai da ya zo kwanciya ya nemi katifa da mai tashinsa, aka yi masa godiya a kan duka biyun. Ya buɗe baki ya rufe, don babban mutum ba ya karɓe kyauta. A tabarma ya kwana, sauro suka yi biki.

Ko ba zakara, sauron sun tashe shi a kan lokaci. Bayan sallar asuba aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, jama'a suka taru, aka fara rabon goro da dabino. Dangin ango na gaskiya suka iso, suka ga wani mai babbar riga ya kame kusa da liman yana nuna wa mutane wurin zama, suka ɗauka wani babba ne a dangin mai jego, suka durƙusa suka gaishe shi. Ya amsa musu da kyau, har ya yi musu faɗan makara.

Liman ya gyara zama ya ce a kawo suna. Wan ango ya yunƙura zai matso, Ɗantsoho ya dafe masa gwiwa ya ce yaro ya dakata, manya na wurin. Ya sunkuya a kunnen liman zai yi raɗa. Sai dai Allah bai halicci Ɗantsoho da raɗa ba, har masu tsaye a bakin titi sun ji ya ce Munzali. Liman ya ɗago yana dubansa, amma maroƙi bai jira ba, ya cafe ya shelanta wa duniya cewa an samu Munzali, Allah ya raya Munzali.

A cikin gida wata ta fara guɗa, ta katse a tsakiya. Can sai ga ungozoma ta leƙo daga zaure, mayafi a karkace.

"Wane Munzali kuma? Mace ce fa."

"Namiji ne," in ji Ɗantsoho. "Daga Daura aka gaya mini."

"Ni na yanke cibiya, Alhaji."

"To a koma a sake dubawa."

Wurin ya kaure. Wan ango ya miƙe ya ce sunan yarinya Amatullah, kuma yana so a gaya masa wane ne wannan. Malam Zakiyyu ya ce ai baffanku ne. Dangin ango suka ce su ba su taɓa ganinsa ba, sun zaci nasu ne. Ɗantsoho ya ce a daina wasa da manya, a fito masa da Suhaibu yanzun nan. Aka ce wane Suhaibu? Ya ce Suhaibu ɗan Alhaji Sada, da ke zaune a nan Kongolam.

Liman ne ya fara dariya, ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Malam Zakiyyu ya dafa baƙonsa a hankali.

"Bawan Allah, nan Babban Mutum ce."

Sai a lokacin maganar ɗan kamasho ta dawo wa Ɗantsoho da ainihin ma'anarta, da ta dattijuwar cikin mota. Jama'a kuwa da suka ji yadda aka yi, dariya ta hana a shafa fatiha sai da liman ya tsawatar, shi ma yana share hawaye. Maroƙi ya sake shela da Amatullah, ya ƙara da cewa Allah ya mai da Munzali gida lafiya.

Ɗantsoho ya ce a ba shi tukunyarsa. Aka ce gero kam an surfe an yi kunu, shi ne ma ya sha ɗazu, amma an tsinci wata safa a ciki. Ya zaro waya ya kunna, ya kira Suhaibu.

"Baffa, kana ina? Mun jira har rana ta fito, wayarka a kashe. Yanzu muka shafa fatiha. An sa masa Lawal."

Ɗantsoho ya zauna a bakin tabarma, ya cire tabarau. Wannan karon babu hayaƙin da zai ɗora wa laifi. Baƙin ciki ya kama shi sosai, don ya san irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu, kuma ba wanda ya ƙwace masa ita sai kunnensa. Mutanen gidan suka ji tausayinsa, suka ce za a kwaso masa kayansa. Ya dubi ƙofar ɗakin da mai jego ke kwance a kan katifarsa, ya ce a bar wa Amatullah, ai ta kusa zama takwararsa. Buta ɗaya ya ɗauka da tukunyar Laraba, da murfinta.

Dole ta Daura zai bi kafin ya kama hanyar Kongolam, kuma labari ya riga shi isa a bakin direbobi. Yana sauka a tasha 'yan kamasho suka jeru suna sara masa, kowa na tambaya ko Babban Mutum ne. Ya ce Kongolam, ya maimaita, ya sa direba ya rantse kafin ya shiga. Tafiyar ko gyangyaɗi bai gama ba aka ce an iso.

Ya tarar da gidan Suhaibu cike da mata ana shagalin suna, ana kuma wata muhawara. Yaro ya ci sunan mahaifin mai jego, ita ba za ta iya kiran sunan ubanta gatsau ba, dole a nemo masa na alkunya. Wasu na cewa Abba, wasu na cewa Abban sun yi yawa a gidan. Ana cikin haka Ɗantsoho ya yi sallama, riga duk kashin zakara, tukunya a hannu. Kakar mai jego, wata tsohuwa mai bakin tsiya, ta dube shi sama da ƙasa ta ce a ba da hanya, ga Babban Mutum ya iso. Aka miƙa masa jariri ana dariya. Yaron da tun safe yake tsala kuka ya yi shiru, ya damƙi yatsan Ɗantsoho ya riƙe. Tsohuwa ta ce shi ke nan, muhawara ta ƙare, yaro ya zaɓi sunansa da kansa.

Sunan ya bi su duka biyun, ba wanda ya iya kankare shi. Yau a Kongolam in ka ce Lawal ba wanda zai gane yaron da kake nufi, a Daura kuma hatta Laraba ta manta da wani Ɗantsoho. In aka kawo yaron hutu aka ƙwala kiran Babban Mutum a tsakar gida, su biyu ke waiwayowa, kuma babban ne ke riga amsawa. Yakan ɗora yaron a kafaɗa ya kai shi bakin shago, ya nuna wa Sabiru tela da direbobi.

"Na ce muku zan je in samo takwara," yakan ce. "Wanda ya san hanya ta Baure yake bi."